Sharhin Bayan Labarai: Rage Hukumomin Tarayya da Darasin Audugar Funtua

Sharhin na yau ya duba batun rage kuɗin da gwamnatin tarayya ke kashewa a kan kanta, da tsayar da hukumominta a iyakar da kundin tsarin mulki ya shata musu, da yadda lamarin ya shafi manomin Funtua da Malumfashi.

Ranar 26 ga Fabrairun 2024, bayan zaman majalisar zartarwa ta tarayya a Abuja, mai bai wa shugaban ƙasa shawara kan tsare-tsare, Hajiya Hadiza Bala Usman, ta karanta wa manema labarai jerin hukumomin da za a haɗe, da waɗanda za a soke, da waɗanda za a mayar ƙarƙashin ma'aikatu. Hukumar agajin gaggawa ta NEMA za ta haɗe da ta 'yan gudun hijira. Rediyon Tarayya zai haɗe da Muryar Najeriya. Hukumar bunƙasa filayen noma ta NALDA za ta koma ƙarƙashin ma'aikatar noma. Aka kafa kwamiti, aka ba shi mako 12 ya kammala aikin.

Kafin shekarar ta ƙare, abin da jama'a suka gani shi ne ƙari. A watan Yuli aka ƙirƙiri ma'aikatar kiwo, a watan ne kuma aka sa hannu a dokar kafa hukumar raya Arewa maso Yamma, sauran shiyyoyin da ba su da irinta ma kowace ta samu tata. Kowace daga cikinsu tana da masu kare ta da hujjoji, amma kowace tana zuwa da shugaba, da 'yan kwamitin gudanarwa, da ofis, da motoci, da albashi.

Wannan alkawari na ragewa ya daɗe yana yawo. A 2011 shugaba Goodluck Jonathan ya naɗa kwamiti ƙarƙashin tsohon shugaban ma'aikatan tarayya, Stephen Oronsaye, wanda ya miƙa rahotonsa a watan Afrilun 2012. Kwamitin ya ƙidaya hukumomi da cibiyoyin tarayya 541. Daga cikin 263 da doka ta kafa, ya ba da shawarar a rage su zuwa 161: a soke 38, a haɗe 52, a mayar da 14 su zama sassa a ma'aikatu. An ƙiyasta cewa hakan zai tsimi naira biliyan 862 daga 2012 zuwa 2015. Gwamnatin Jonathan ta fitar da matsayarta a 2014, ta yi watsi da akasarin shawarwarin. Gwamnatin Muhammadu Buhari ta sake kafa kwamitoci a 2021 su duba rahoton, wa'adinta ya ƙare ba a aiwatar ba. Da gwamnatin da ta sake ɗauko shi a 2024, shugabanni uku ke nan rahoto ɗaya yana bi ta hannunsu.

Dalilin jan ƙafar a bayyane yake. Akasarin hukumomin nan dokar Majalisar Tarayya ce ta kafa su, shugaban ƙasa ba ya iya kashe su da sanarwa, sai majalisar ta soke dokar. Ita kuwa majalisar, a kowane zango 'ya'yanta rige-rigen kawo ƙudirin kafa sabuwar hukuma ko cibiya a mazaɓarsu suke yi, domin da shi ake komawa gida a nuna an yi aiki.

A dubi kuɗin. Kasafin tarayya na 2025 ya kai naira tiriliyan 54.99. Biyan bashi ya ɗauki kimanin tiriliyan 14.3, albashi da hidimar ofisoshi kimanin tiriliyan 13.6. Fiye da rabin kasafin ya tafi ke nan kafin a zuba tirela ɗaya ta tsakuwa a kan hanya. Tsarin mulki ya ce a ɗauki minista aƙalla ɗaya daga kowace jiha, amma a watan Agustan 2023 ministoci 45 aka rantsar. A rabon asusun tarayya kuwa, gwamnatin tarayya ita kaɗai ke kwashe kashi 52.68 cikin 100, jihohi 36 su raba 26.72, ƙananan hukumomi 774 su raba 20.60. Funtua da Bakori da Kafur da Danja, inda ake noman da ke ciyar da birane, a cikin wannan kaso na ƙarshe suke.

Wane ma'auni za a bi wajen ragewa? Kundin tsarin mulkin 1999 ya tanadi nasa. A jadawali na biyu akwai jerin abubuwan da aka keɓe wa tarayya ita kaɗai: tsaro, 'yan sanda, harkokin waje, kuɗin ƙasa, kwastan, shige da fice, ma'adinai da makamantansu. Akwai jeri na biyu da tarayya da jihohi suke tarayya a cikinsa. Abin da bai shiga ko ɗaya ba, na jihohi ne. Sashe na 153 ya lissafa hukumomin tarayya 14 da sunansu, irin su hukumar zaɓe, da ta ƙidaya, da ta rabon arzikin ƙasa. Sauran ɗaruruwan, kowace sai ta nuna wane abu ne a waɗancan jerin ya halatta dokar da ta kafa ta.

Game da noma, kundin ya bai wa tarayya damar kafa cibiyoyin bincike da hukumomin tallafa wa ayyukan gona da kuɗi, ya bar wa majalisar jiha yin dokar bunƙasa noma a jiharta. Jadawali na huɗu ya sa ƙaramar hukuma cikin harkar noma, da makarantar firamare, da kiwon lafiya, ya kuma damƙa mata kasuwanni da tashoshin mota. Filin da ake noman a kansa, dokar mallakar filaye ta 1978 a hannun gwamna ta ajiye shi. Duk hukumar Abuja da ta ce za ta buɗe gona a Kafur, sai ta roƙi fili a Katsina.

Kotun Ƙoli ta sha auna hukumomi da wannan ma'auni. A 2013 ta yanke cewa rajista da kula da otal-otal hurumin jihohi ne, ta taka wa hukumar yawon buɗe ido ta tarayya burki. A watan Nuwamban 2024 ta ce dokar caca ta ƙasa ta 2005 ba ta da ƙarfi sai a Abuja, domin caca ba ta cikin jerin tarayya. A cikin watan ne kuma kotun ta kori ƙarar da jihar Kogi da wasu jihohi suka shigar suna neman a rushe hukumar EFCC. Hukunce-hukuncen sun nuna cewa tarayya tana wuce gona da iri, sun kuma nuna cewa kundin ba mafakar gwamnonin da ke gudun bincike ba ne.

Ba haka ƙasar ta faro ba. Daga ƙarshen mulkin mallaka zuwa Jamhuriya ta Farko gwamnatin Jihar Arewa ce ke riƙe da noma da cinikin amfanin gona ta hannun hukumarta ta kasuwanci, kuma a zamanin ne aka kafa masaƙar Kaduna a 1957 da Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Mulkin soja da kuɗin man fetur ne suka tattara komai zuwa tsakiya. A 1975 tarayya ta karɓe jami'o'in jihohi. A 1976 ta kafa hukumomin raya kogunan ƙasa. A 1977 ta karɓe cinikin amfanin gona da gidajen talabijin, a 1978 Rediyon Kaduna ya shiga ƙarƙashin Rediyon Tarayya. Sojoji sun koma bariki a 1999, amma sun bar wa farar hula gwamnati mai hannu a kowace tukunya.

Mutanen Katsina sun ga abin da nisa ke haifarwa. An gama ginin madatsar ruwa ta Zobe kusa da Dutsin-Ma a 1983, amma sai a 2021 aka ƙaddamar da aikin ruwan shan da aka jingina da ita. A watan Nuwamban 2015 Babban Bankin Najeriya, wanda aikinsa na asali kula da darajar naira da hauhawar farashi ne, ya shiga raba wa manoma bashin iri da taki. Shirin ya lashe fiye da naira tiriliyan 1. Wasu manoma sun amfana, da yawa kuma sun koka cewa taki ya iso bayan masara ta fara goyo, ko sunayen manoman bogi sun cike takarda. Kaso mai yawa na bashin bai dawo ba, kuma daga ƙarshen 2023 sabon shugabancin bankin ya ce ya janye daga irin wannan hidima. Sai kuma ayyukan mazaɓu: ƙungiyar BudgIT mai bin diddigin kasafi ta ce 'yan majalisa sun cusa ayyuka 11,122 na naira tiriliyan 6.93 a kasafin 2025. Ta wannan hanya ake samun kwalejin noma da kwangilar fitilun titi a jihar da ba ta taɓa takawa ba.

Duk wannan hujja ce ta ragewa. Amma mutumin Funtua yana da dalilin yin taka-tsantsan idan ya ji ana maganar soke hukuma, domin an taɓa soke wata a ƙofar gidansa.

Auduga ce ta gina Funtua. Layin dogo daga Zariya ya ratsa garin a ƙarshen shekarun 1920 kan hanyarsa ta zuwa Gusau da Kaura Namoda, kamfanin Turawa na BCGA ya kafa injin gurza, har yau akwai unguwar da ke amsa sunansa. A Daudawa, cikin ƙasar Faskari, aka kafa gonar yaɗa iri. Da gwamnatin soja ta kafa hukumomin amfanin gona a 1977, ta kai ta gyaɗa Kano, ta hatsi Minna, ta koko Ibadan, ta auduga kuwa a Funtua aka ajiye hedikwatarta.

Dattawan da suka ga zamanin suna iya zayyana yadda fuloti, wato kasuwar auduga, yake. Da kaka ta yi, jakuna da motoci su yi layi tun da sassafe. Malamin duba ya cusa hannu cikin tarin kaɗa, ya ɗago ya bubbuɗa, ya ware lamba ɗaya da lamba biyu, wadda ta sha ƙasa ko ganye a ce mai ita ya koma ya tsince. Daga nan sai sikeli, sai biya a kan farashin da aka sanar tun kafin shuka. Angurya daga injin gurza take komawa hannun manomi ta wurin dagatai, an gauraya ta da magani, iri ɗaya ga yanki ɗaya. Bayan tsinka a ba da umarnin tuge karan auduga a ƙone, don kada tsutsa ta kwana a gona ta jira damina mai zuwa.

Hukumar audugar tana da nata laifin, kuma babba ne. Farashinta bai kai na kasuwar duniya ba, biya yakan makara, ofis ya yi ƙiba manomi ya rame. Shi ya sa da shirin raya noma na Funtua, wanda Bankin Duniya ya tallafa daga 1975 zuwa 1980, ya kawo taki da ingantaccen irin masara da hanyoyin karkara a gundumomin Funtua, Malumfashi, Bakori, Ƙanƙara da Faskari, manoma da yawa suka karkata ga masara. A 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida, ƙarƙashin shirin tsuke bakin aljihu, ta soke hukumomin amfanin gona gaba ɗaya.

An soke ofis, amma ba a damƙa aikinsa ga kowa ba. Ciniki ya buɗe, 'yan kasuwa suka shigo, wani lokaci farashi ya yi daɗi. Sai dai babu mai tsare iri, ya cakuɗe, aka riƙa shuka duk anguryar da ta kuɓuta daga masu matsar mai. Babu mai duba daraja, marasa tsoron Allah suka riƙa zuba ruwa da yashi don ƙarin nauyi. Aka koma ɗura auduga a buhun taki na leda, zaren ledar ya shige cikin kaɗa, ya bi ta har masaƙa, inda yake ƙin kama rini ya ɓata yadi. Audugar Najeriya ta zubar da mutuncinta a kasuwar duniya. Masaƙun ƙasar, da suka haura 150 a shekarun 1980, akasarinsu sun rufe, ko da yake rashin wuta da fasa-ƙwaurin atamfa su ma sun yi tasu ɓarnar.

Manomi ya san cewa tsiro biyar a rami guda ba ya ba da zangarniyar kirki, dole a rage. Ya kuma san cewa ba da ido rufe ake ragewa ba, sai an duba wanda za a bari. Kuskuren 1986 shi ne an tuge har da mai amfanin. Tsare iri da duba daraja aiki ne da jiha da ƙungiyoyin manoma za su iya riƙewa, da an miƙa musu shi da doka da kuɗi da ma'aikata kafin a rufe ƙofa.

Ko a Amurka, inda gyara na 10 na tsarin mulkinsu tun 1791 ya bar wa jihohi da jama'a duk ikon da ba a bai wa tarayya ba, muhawarar nan ba ta kwanta ba. A watan Janairun 2025 shugaba Donald Trump ya ɗora wa attajiri Elon Musk aikin zaftare ma'aikatun tarayya, cikin 'yan watanni aka rufe hukumar ba da agaji ta USAID. Girgizar ta iso har nan. A watan Yulin 2025 ƙungiyar likitoci ta MSF ta ce yara 652 sun rasu sakamakon tamowa a cibiyoyinta na jihar Katsina cikin wata shida na farkon shekarar, ta kuma ambaci janyewar tallafin ƙasashen waje cikin abubuwan da suka tsananta lamarin. Yankan gaggawa marar shiri, talaka ne ke fara jin zafinsa.

Babbar hujjar ragewa a wurin mutumin kudancin Katsina ita ce tsaro. Sashe na 14 ya ce tsaro da jin daɗin jama'a su ne babban dalilin kafa gwamnati. Sashe na 214 ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce a ƙasar, ya hana kafa wata. Wannan aiki ne da kundin ya ɗora wa tarayya kai tsaye, kuma a nan aka fi ganin gazawarta. Ranar 11 ga Disamban 2020 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. A Faskari da Sabuwa da Dandume an bar gonaki masu albarka sun koma saura, wasu manoman sai sun biya 'yan ta'adda kafin su shuka, su sake biya kafin su girbe. A watan Oktoban 2023 gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma da kuɗin jiha. Jiha tana ɗaukar nauyin da yake na tarayya, tarayya tana can tana rabon keken ɗinki da injin markaɗe, aikin da kansila zai iya yi.

Akwai ayyukan tarayya da yankin ke buƙatar a ƙarfafa. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya, wadda ta fitar da irin auduga da masara da dawa da ake shukawa a nan, aikinta na cikin abin da kundin ya ambata, kuma kuɗin bincike take nema. Tashar tsandauri ta Funtua da aka ƙaddamar a watan Mayun 2024 tana buƙatar kwastan mai sauri da jirgin ƙasa mai tafiya. Babbar hanyar Zariya zuwa Funtua zuwa Gusau ta tarayya ce. Nairar da aka tsima daga hukumomi biyu masu aiki ɗaya, nan ya kamata ta nufa.

Jihohi ma ba a wanke su ba. Sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yulin 2024 cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, saboda yadda gwamnoni suka daɗe suna riƙe shi ta asusun haɗin gwiwa. Mayar da aiki gida ba zai yi amfani ba idan kuɗin zai maƙale a babban birnin jiha. Bambancin shi ne manomin Malumfashi ya san gidan shugaban ƙaramar hukumarsa, yana haɗuwa da ɗan majalisar jiharsa a wurin jana'iza da ɗaurin aure, yana iya tsare shi da tambaya. Shugaban wata hukuma a Abuja kuwa, ko sunansa bai sani ba.

Hanyar gyaran a buɗe take, an ma taɓa bin ta. A watan Maris na 2023 aka gyara kundin, aka ba jihohi damar shiga harkar jirgin ƙasa da gidajen gyaran hali, aka faɗaɗa ikonsu a kan wutar lantarki. A 2022 hukumar rabon arzikin ƙasa ta ba da shawarar rage kason tarayya zuwa kashi 45.17, shawarar ba ta zama doka ba. Idan aka rage hukumomi aka bar kason yadda yake, kuɗin a Abuja zai ci gaba da zama.

Saboda haka kira na farko ga sanatan shiyyar Funtua da 'yan majalisar wakilai na ƙananan hukumomi 11 na yankin: su goyi bayan soke dokokin hukumomin da ke maimaita aikin juna, su daina kawo ƙudirin kafa sababbi, su matsa a gyara rabon asusun tarayya. Duk hukumar da za a rufe, dokar rufewar ta faɗi wanda zai gaji aikinta, da ranar miƙawa, da makomar ƙananan ma'aikatanta. Majalisar dokokin Katsina ta yi dokar tsare irin auduga da duba darajarta, ta ba hukumar raya noma ta jiha, KTARDA, malaman gona da abin hawan da za su isa ƙauye. Ƙungiyoyin manoman auduga da masara su nemi a kafe lissafin kuɗin da ke shigowa kowace ƙaramar hukuma duk wata a allon sakatariya. Masu sauraro kuma, idan ɗan takara ya zo neman ƙuri'a da alkawarin kawo sabuwar hukumar tarayya, a tambaye shi wane sashe na kundin tsarin mulki ne ya ba ta aikin, wace ce take yin aikin a yanzu, kuma nawa ne daga kasafinta zai iso gona.